Tsofaffin motocin rimot: uku na gwanjo ko ɗaya ta kwali?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Ya zo gaishe ni a Tudun Wadar Kaduna bayan Sallah, ya tsaya gaban kantar da na jera tsofaffin motocin rimot, ya daɗe bai ce uffan ba. Bayan mako biyu sai ga wayarsa: "Yaya, cutarka fa ta kama ni. Wani mai kayan gwanjo ya ajiye min a-kori-kura guda uku, biyu Nikko, ɗaya Tyco. Ga kuma abokina zai dawo daga Ingila wata mai kamawa, ya ce in ina so ya riƙo min Tamiya guda ɗaya a kwalinta. Kuɗin ba zai kai duka ba. Wanne zan yi?"

Uku da ɗaya, ai ko yaro ka tambaya uku zai ce. Amma ba abu iri ɗaya ake aunawa ba, shi ya sa amsar ta yi tsawo.

Mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa, muna tura ta da sanda a kwararo muna yi mata kukan inji da baki, motar rimot a wurinmu ta 'ya'yan GRA ce waɗanda iyayensu ke fita waje. Lokacin shi ne lokacin da duniya ta haukace da manyan a-kori-kura masu ƙafafu kamar na tarakta. Wani Ba'amurke mai suna Bob Chandler ne ya fara, da Ford ɗinsa da ya raɗa wa Bigfoot, wadda ta tattake wasu motoci a 1981 aka ɗauka a bidiyo. Kamfanonin kayan wasa suka ga kasuwa, kowa ya shiga ƙera tasa. Waɗannan motoci na shekarun 1980 zuwa farkon 1990 su ne yanzu ake tarawa, kuma gida biyu suka rabu.

Gidan farko ni 'yar kanti nake ce mata. An haɗa ta tun daga masana'anta, ka cire a kwali, ka sa batir, ta tashi. Nikko, kamfanin Japan ne da aka kafa a 1958, shi ne babba a nan. Sai Tyco na Amurka, wanda a gaskiya mafi kyawun motocinsa wani kamfanin Japan mai suna Taiyo ne ke ƙera masa. Juya motar ka duba cikinta, sau da yawa za ka ga sunan Taiyo a rubuce. Turbo Hopper ta 1986 ce ta ɗaga sunansu, daga baya Bandit da Fast Traxx suka biyo, kafin Mattel ya saye Tyco a 1997. Akwai masu tambarin Radio Shack ko Tandy, su ma ƙirar wasu ce aka liƙa wa suna. Gida na biyu kuwa 'yar haɗi ce: gutsi-gutsi take zuwa, ƙarafa da robobi da sukurori cikin ƙananan ledoji, kai za ka zauna ka haɗa. Sarkin wannan gida Tamiya ne, na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fitar da motar rimot ɗinsa ta farko a 1976 ya ba ta lamba 58001. Masu tarawa sun fi girmama ɗari na farko, daga wannan lamba zuwa 58100 da ta fito a 1991.

Bari in fara da 'yar kanti, tunda ita ce za ka iya cin karo da ita a nan gida. Dilolin kayan wasan yara da ake buɗewa a Kasuwar Barci da sauran wuraren gwanjo, akasari tarkacen shekarun nan ne marasa suna, amma jefi-jefi tsohuwar Nikko kan faɗo a ciki, kuma mai kayan ba ruwansa da shekarunta, farashin sauran yake sa mata. Wannan shi ne daɗinta na farko. Na biyu, kyau. Bodinta roba ce mai tauri, da fitilu da bamba mai ƙyalli da sitika, wasu har da igiyar jan mota a gaba. A kan kanta, wallahi ta fi wasu 'yan haɗin ɗaukar ido. Waɗanda aka rubuta musu ƙirar Japan ko Singafo su ne na farkon zamani, su aka fi nema.

Matsalar tana farawa ne ranar da ka ce sai ta yi tafiya.

In ka ɗauki irin wannan mota a kasuwa, kafin ka kalli fenti, buɗe murfin batir. Akwai wata ja da na taɓa ɗagawa, ta yi kyau kamar jiya aka fito da ita, mai kayan yana ta cewa, "Alhaji, wannan ko taɓa ta ba a yi ba." Gaskiya ya faɗa. Ba a taɓa ta ba, har batiran da wani yaro ya bari a ciki shekara talatin da suka wuce suna nan. Sun fashe, wani farin gari kamar kanwa ya cika ramin, sifirin ɗin ya zama kore, na taɓa shi da farce ya ɓalle. In ɓarnar ta tsaya a ramin batir, ruwan khal ko na lemon tsami da tsohon buroshin goge baki suna wanke ta, a bushe sosai a goge da takardar yashi. In ta bi waya ta kai ga fanel, ka ajiye musu kayansu, sai fa in ado kawai kake so.

Sai rimot. A gwanjo mota da rimot ɗinta ba safai suke kwana a dila ɗaya ba. Mutane da yawa suna ɗauka in an rubuta 27 MHz a mota, wato zangon da rimot ke aika saƙo a kansa, duk rimot mai 27 zai tuƙa ta. Ba haka ba ne. Zangon ɗaya ne, amma yaren da kowane kamfani ke aika saƙo da shi daban, wani lokaci har tsakanin motoci biyu na kamfani ɗaya. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka 27 ko 49 suke, na Turai 27 ko 40. Motar da ba ta da rimot ɗinta na asali, ka ƙiyasta ta a matsayin rabin mota. Za a iya cire fanel ɗin gaba ɗaya a sa mata kayan zamani na 2.4 GHz, ta yi gudu lafiya, amma daga ranar ta bar sahun kayan tarihi ta koma abin wasa.

Abu na uku shi ne ya fi ci min rai: giya. Ƙaramar giyar roba da ke liƙe a bakin dainamo, in ta tsufa takan tsage ta tsaye. Za ka ji inji yana kuka, taya ba ta motsi, ko motar tana tafiya tana ƙas-ƙas-ƙas. Ba wanda ke ƙera wannan giya da sunan motarka yanzu. Sai dai ka ƙirga haƙoranta, ka auna ramin, ka shiga nema cikin matattun rediyon kaset da na'urar buga takardu. Na taɓa kai wata wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, ya juya ta, ya juya, ya ce, "Ɗana, fanel ɗin nan zan iya, dalma ce da kafasita. Wannan haƙorin kuwa sai dai ka samo mata 'yar'uwarta ka yanka." Haka ake yi. Mai tara 'yar kanti dole ya riƙa sayen gawa don ya rayar da mai rai, ka ga ukun nan na ƙanena ba mamaki su zama ɗaya da rabi.

Ko ta tashi, tuƙinta na da ne. Yawancinsu sitiyarin ba shi da tsaka-tsaki, ko dama gaba ɗaya ko hagu gaba ɗaya, sai ɗan makunnin giya biyu a ƙarƙashi, na gudu da na hawa. Wasu manyan Nikko suna da sitiyari mai bin hannu sannu a hankali, su ne suka cancanci a ƙara musu kuɗi.

To, Tamiya fa? A nan ma hanya ta sake rabuwa biyu, kuma nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Akwai ta asali, wadda aka ƙera a wancan zamani, akwai kuma wadda kamfanin ya sake bugawa da tsohon zubi. Lunch Box, wata 'yar bas rawaya a kan manyan tayoyi, ta fito a 1987 aka sake ta a 2005. Blackfoot, baƙar a-kori-kura mai siffar Ford F-150, ta 1986 ce, ta dawo a 2016. Bruiser, Toyota mai casis ɗin ƙarfe da giya uku da ake canjawa daga rimot, ta 1985 ce, ta dawo a 2012. Clod Buster ta 1987, mai inji biyu da sitiyari gaba da baya, ta dawo da sunan Super Clod Buster. Daga nesa ba ka bambance tsohuwa da sabuwa. Daga kusa akwai alamu: Clod Buster ta farko tana da tambarin Chevrolet a hanci, ta baya an rubuta mata 4x4x4, sitikokin kamfanonin gaske da ke jikin na asali, an maye gurbin da yawansu da sunayen ƙirƙira saboda lamarin lasisi. Bruiser ma akwatin giyarta sabon tsari ne, injin kuma an rage shi daga mai lamba 750 zuwa mai 540.

Ta asali daga nan Kaduna, cinikin biri a sama ne. A hoto za ka gan ta, a dala ko fam za ka biya, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, kuma robar da ta shekara kusan arba'in ba ta nuna gajiyarta a hoto. Sai ka ɗaure sukuru ka ji ƙas, wurin ya tsage. Akwai kuma masu haɗa tsohuwa da sababbin kaya su sayar da sunan ta asali, wanda sabon shiga ba zai gane ba. Mai irinta a kwali ba a taɓa haɗawa ba, shi ma ba haɗawar zai yi ba, don ranar da ya yage leda rabin darajar ta tafi. Ni dai ban ga hikimar mutum ya fara daga nan ba. Tsohuwar zuma ce, na yarda, amma sai wanda ya riga ya san ɗanɗanon zuma.

Sabon bugu kuwa yana ba ka abin da 'yar kanti ba za ta taɓa ba ka ba: kowane gutsure yana da lamba a littafin haɗawa, kuma ana sayar da shi. Ka karya hannun taya, ka nemi lambar, wani mai dawowa ya sako maka a aljihun jaka. Littafin da Japananci da Turanci da Jamusanci da Faransanci yake, amma zane ne ke magana, har girman kowane sukuru an zana shi daidai yadda za ka ɗora ka gwada. Dare uku ko huɗu bayan Isha'i sun ishi Lunch Box. Kuma wanda ya haɗa akwatin giya da hannunsa ba ya tsoron buɗe shi gobe. Ga mutumin garin da ke da Panteka, inda ake ƙera abin da aka ce babu, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙaramin ƙarfe ko sanda in ta lanƙwashe, akwai mai fiƙe maka wata.

Sai dai kada abokin nan na Ingila ya sauke kwali ka ɗauka an gama. Babu rimot a ciki, babu sabo, wato ɗan injin da ke juya sitiyari, babu batir, babu caja, babu fenti. Na'urar sarrafa gudu ma wani kwalin akwai, wani babu, sai an karanta jikinsa. Duk wannan kuɗi ne a kan kuɗi, kuma a nan ba ko'ina za ka same su ba, gara a haɗo su tafiya ɗaya. A ƙara da boris, don bushin roba kamfanin ke sakawa, ƙurarmu kuwa ba ta barin bushin roba ya kai ko'ina. Boris masu lamba 1150 su ne suka fi yawa a waɗannan motoci. Sukurorin ma irin na Japan ne da ake kira JIS, sukundireba mai kan kuros da muka saba da shi yana cinye musu kai in aka matsa.

Wacce daga ciki? Lunch Box da 'yar'uwarta Midnight Pumpkin casis ɗaya suke hawa, akwatin giyarsu kuma na dangin wasu motocin Tamiya ne, Grasshopper da Hornet, wanda aka san shi da jure wahala. Su ne mafi sauƙin kuɗi da haɗawa. Aibinsu, tsayi ya yi musu yawa: ka taka wuta ta ɗaga ƙafafun gaba, ka sha kwana da gudu ta kifa, ƙusoshin da ke riƙe bodi su karye. Abin dariya ce, ba ta tsere ba, kuma yara a nan suke mutuwa a kanta. Blackfoot ta fi kama da motar gaske, ta fi iya kwana, amma an daɗe da sanin rauninta: in aka sa mata inji mai ƙarfi, gefen akwatin giyar kan buɗe, haƙora su riƙa tsallake juna. A bar ta da injin da ta zo da shi. Clod Buster ƙatuwa ce, cin batir gare ta, kwalinta kaɗai zai cinye rabin jakar mai kawowa. Bruiser kuwa ta masu hannu da shuni ce, kuma ba gudu aka yi ta domin shi ba, sai hawan dutse a hankali kana sauraron giya na shiga.

Akwai wani reshe da na san zai ja hankalin duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos yana kallon tireloli: kan tirela na Tamiya, wanda aka fara da King Hauler a 1993, girmansa kashi ɗaya cikin 14 na na gaske. Giya uku, casis na alminiyom, yana jan bodinsa, ana ma sa masa fitilu da ƙarar inji. Kyakkyawa ne ƙwarai. Amma daɓen siminti mai santsi yake so, tsakar gida mai tsakuwa ba tasa ba ce, kuma kafin ka kammala shi da bodi da fitilu ka sayi Lunch Box da yawa. A ajiye shi sai an ƙware.

Yanzu garinmu. Ko wacce ka ɗauka, Kaduna za ta gwada ta sau uku a shekara. Da hunturu ƙura ke shiga ko'ina, in ta haɗu da giris ta zama kamar garin yashi tana cin giya. 'Yar kanti a nan ta ɗan yi sa'a don cikinta a rufe yake, amma in ƙurar ta shiga, buɗewar wahala ce, ƙananan maƙalan robar karyewa suke. 'Yar haɗi buɗewa kake yi ka wanke ka mayar. Giris a cikin akwati kawai ake sa shi, kuma ba na bakanike ba, don wani giris ɗin mota yana cin roba. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, zafi ke busar da taya ta tsattsage, rana ta taga kuma ta mayar da farar roba ruwan ɗorawa. Tayar Blackfoot ana saye. Tayar tsohuwar Nikko in ta mutu ta mutu. Kada a bar mota a but, kada a jera ta inda rana ke faɗowa, a ɗora cikinta a kan ɗan katako don tayoyin su rataya, in ba haka ba gefe ɗaya zai baje. Da damina kuma kwali ne ke shan wuya, danshi da gara da kyankyasai, ga shi kuwa a wurin masu tarawa kwali mai kyau kan ƙara wa mota daraja sosai.

Batun wuta, ni na koya da kuɗina. Wata mota ta zo min da cajarta, ban karanta jikinta ba na cusa a soket. Ƙara ɗaya, sai wari. Ta Amurka ce, wuta mai volt 120 take so, mu kuwa 230 muke sha. Ta Japan ma 100 ce. Cajar Ingila ita ce daidai da tamu, har bakin mai ƙafa uku. Tsohon batir na NiCd, mai volt 9.6 na Tyco da Nikko ko mai 7.2 na Tamiya, kada ka sa rai da shi, ya riga ya mutu, kuma akwai guba a cikinsa, ba abin bai wa yara ba ne ko jefawa a wuta. Batirin NiMH mai ƙarfi ɗaya da shi yana maye gurbinsa kai tsaye. LiPo ya fi ƙarfi da sauƙin nauyi, amma zafi na kumbura shi, yana iya kamawa da wuta, kuma yana iya ƙona fanel ɗin 'yar kanti. A ɗakin da ba fanka rabin yini, ban ba sabon shiga shawararsa ba. In za a sayo caja, a nemi mai aiki da batirin mota mai 12, ranar da NEPA ta yi halinta sai ka buɗe bonet.

Da na gama wannan dogon bayani na tambayi ƙanena abu ɗaya: in motar ta zo, a ina kake ganinta, a kanta ko a ƙasa? Ya ce, "Haba Yaya, ai ni so nake ranar Lahadi in fita da su Abba fili mu tayar da ƙura." Na ce to ka amsa wa kanka. Mai son tuƙi, musamman da yara, Tamiya sabon bugu zai saya, Lunch Box ko Midnight Pumpkin, da boris da NiMH biyu da rimot na 2.4, wanda ba ruwansa da rikicin zango ko motoci goma ne a fili. Mai son ya jera abin da ya gani ta gilashin kanti yana yaro bai samu ba, shi ne mutumin Nikko da Tyco, ya saya da araha, ya wanke, ya ajiye, in ta yi tafiya riba ce. Wanda kuma yake lissafin zai tara ya sayar ya ci riba, ya tuna masu sayen suna ƙasashen waje, kuɗin aikawa zai cinye abin da yake hange.

Amma ban bar shi ya saki ukun nan haka kawai ba. Na ce mu je in gani. Ɗaya ramin batirinta ya ruɓe har fanel. Ɗaya ba rimot, taya ɗaya ta tsage. Ta ukun, wata Nikko shuɗiya ƙirar Singafo, murfin batirinta na nan, eriyarta ba ta karye ba, rimot ɗinta ɗaure a jikinta da roba. Na zaro batiran da na zo da su a aljihu na sa, na ɗaga ta sama na danna. Tayoyin baya suka juya ba ƙas-ƙas, sitiyari ya amsa dama da hagu. Mai kayan ya ce sai dai a kwashe duka uku. Muka yi sallama muka juya, ba mu kai bakin layi ba ya aiko yaro ya kira mu.